Rabin Kitso

Ɗakin mata, asibiti, Bantama
Farkon Disamba, 1969

Zuwa ga ƙawata Barkisu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da Baba da Inna da ƙannenki duka. Yaya azumi? Idan kin tambayi lafiyata, abin da ban ga alamar kin yi ba, to ina nan da rai, alhamdu lillahi.

Na gaishe ki ne don haka ake fara wasiƙa, amma ki sani da fushi nake rubutu. In kin ga layukan sun karkace, ba ni ba ce, magani ne bai gama sakina ba.

Barkisu, an yanka cikina. Wani ɗan hanji ne ya kumbura aka cire, likita ya ce da an ƙara jinkiri da ya fashe. Unguwarmu Asawase kaf ta zo dubiya. Matar mai nama ta zo, matar Malam ta zo, har Goggo Zaratu da ƙafarta mai ciwo ta hau motar haya, tirotiro, da bakin azumi ta zo. Ke da gidanku ke bayan namu, ke da muke cin tuwo a kwano ɗaya tun ba mu iya ɗaura zane ba, ke ce ba ki zo ba.

Bari in gaya miki abin da aka yi mini, ko ba ki tambaya ba. Sun kifa mini wani baƙin roba kamar ƙoƙo a hanci, yana warin tayar mota da wani abu mai zaƙi, aka ce in ja numfashi. Na fara Ƙulhuwallahu, ban kai ƙarshenta ba. Da na farka fanka tana tsaye, ɗakin ne yake juyawa, gado kuma yana tafiya da ni kamar kwalekwale. Har yanzu in na ɗaga kai jiri ya mayar da ni. Ga kuka ba dalili. Cokali ya faɗi, na yi kuka. Uwata Mma tana ɓare lemo, na tausaya wa lemon, na yi kuka. Wata Maame 'yar Asante da ke gadon kusa da ni ta yi ta ce mini kafra, kafra, wato sannu da yarensu, har ta gaji ta juya baya.

Abin kunyar ma bai ƙare ba. Ni da ko mai kanti ba na iya kallon idonsa, wai na riƙe hannun likita na roƙe shi kada ya hau jirgin ƙasa. Nas-nas har yau dariya suke yi in sun zo gwada zafin jikina. Laifinki ne wannan, ke da littafinmu. Ke ce mai raba littafi biyu ta tsakiya don ba ki da haƙurin jira, ki ɗauki ƙarshe ki bar mini farko. Na gama rabina tun kafin ciwon ya kayar da ni, kuma daidai nan ya tsaya: yarinyar tana tasha, shi yana cikin jirgi, jirgin ya fara motsi. Da wannan a kaina aka sa ni barci. Rabin yana ƙarƙashin matashina, ki kawo naki mu yi musaya kamar kullum.

Har mafarkinki na yi, don ki san ban kai ki rashin kirki ba. Na gan ki zaune a wajen kaina kina kiran sunana, kina ja mini gashi, hawayenki yana ɗiga a goshina. Na tambayi Mma ko kin zo, ta ce maganin barci ne, haka yake nuna wa mutum abin da babu.

Na kuma tambaye ta zancen Babanki, da dokar nan da aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana. Ta ce an gama, komai ya daidaita, in daina wahalar da kaina. To tunda an gama, me ya tsare ki? Masu dubiya ma wani iri suke yi. In na rufe ido sai a yi ta ƙus-ƙus, ina buɗewa a koma zancen tsadar albasa.

Zan ba Mma ta kawo miki. Ki gaida Inna.

Taki, duk da haka,
Alima

Ɗakin mata, asibiti, Bantama
Ana gab da Sallah

Barkisu,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Wannan karon gajeriya ce, don na ga doguwa ba ta da amfani a wurinki.

Ba a sallame ni ba. Zazzaɓi ya kama ni, ɗinkin ya ɗan yi ruwa, aka ce in ƙara kwanaki. Jiya na yi ƙoƙarin zuwa bayi da ƙafata, ƙasa ta karkace, sai ga ni rungume da ƙarfen gadon Maame ina kuka ina ba ta haƙuri da Hausar da ba ta ji.

Mma ta ce ta miƙa miki wasiƙata hannu da hannu, kin karanta kin ce za ki zo, sai dai aiki ya yi miki yawa, kina taya Inna suyar ƙosai da damun koko na masu buɗa baki. Ƙosai, Barkisu. Ashe ƙosai ya fi ni. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ke, wa ya tsallaka katanga ya zauna da ke har Babanmu ya zane shi? A littattafan da muke saye a gefen titi a Adum, ko muguwar ƙawa tana zuwa asibiti, ko don ta ga an rame.

Ba na ma bukatarki wajen kitson Sallah bana. Na shafa kaina na ji an kitse mini gefe ɗaya, an bar ɗaya a tsefe. Mma ta ce wata nas ce ta tausaya mini ta fara ina barci, aka kira ta aiki. Ba madubi a nan, amma yatsuna sun gaya mini ita ma bahaguwa ce irinki, layukan duk sun kwanta hagu, kuma tana ja da ƙarfi kamar mai jin haushin mutum. Ai kin ga ba ke kaɗai kika iya ba. Na tambayi nas biyu wacce ce a cikinsu don in yi godiya, suka dubi Mma, suka ce ba ta aikin rana.

Ki ba Mma rabin littafin. In ba za ki zo ba, shi ya zo. 'Yan kunnena da kika ara kuma ki riƙe, ba na so.

Alima

Asawase, Kumasi
Janairu, 1970

Zuwa ga ƙawata, 'yar'uwata Barkisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki, ta kuma same ki lafiya, ke da Baba da Inna da yara. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta? Ni jiki ya yi sauƙi, ɗinki ya kame, jiri sai jefi-jefi in na miƙe da sauri.

Na sani yanzu. Ba wanda ya gaya mini, ni na je na gani.

An sallame ni ana gobe Sallah. A tirotiro Mma ta zaunar da ni a tsakiya, ta yi ta jana da hira don kada in leƙa waje. Ranar Sallah da hantsi, kowa yana hidimar abinci, na yafa mayafi na fita ina bin bango. Niyyata in tsaya a ƙofarku in faɗa miki maganar da na shirya a gadon asibiti, mai zafi ce kuwa, har na haddace ta. Na tarar da labulen da ban sani ba a ƙofar ɗakin Inna. Wata mata ta fito ta tambaye ni da Turanci wa nake nema. Turminku na gani a tsakar gidan maƙwabta, na gane shi da tsagin bakinsa, ana daka fufu a ciki. Shagon telan bakin layi a rufe, mai shayi babu, rabin layinmu ƙofofi da kwaɗo. Na zauna a bakin kwata da kayan Sallah, ban san lokacin da Goggo Zaratu ta zo ta ɗaga ni ba.

A gida Mma ba ta yi musu ba. Ta buɗe kabad, ta sauke kwanonin sha na jerenta, daga cikin na ƙasa ta fito da wasiƙuna biyu, ko buɗe su ba a yi ba, da rabin littafinki, da 'yan kunnena a ƙulle a bakin ƙyalle. Ta ce ba a gaya wa majinyaci labarin da zai tayar masa da hankali, haka ta taso ta ga ana yi, haka aka yi wa kakata lokacin da ƙaninta ya rasu tana jego. Ta ce da na ji, da kuka ya farke ɗinkin, ita kuma 'ya ɗaya gare ta mace. Na ce ai kukan na yi shi, na yi wa cokali, na yi wa lemo, ɗinki bai farke ba, ke kaɗai aka hana ni yi wa.

Goggo ce ta ba ni sauran. Ta ce ranar da aka yi mini aiki kuka kwashe kaya zuwa tasha, kika sulale kika zo Bantama a ƙafa. Kika zauna a wajen kaina kina kira, na buɗe ido na yi miki dariya, na ce ki tsayar da ɗakin, sannan na yi amai a zanenki. Kika goge, kika ciro mashaci kika ce ba za ki bar ni in yi Sallah da kai a tsefe ba. Kina tsakiya aka kaɗa ƙararrawar fitar masu dubiya. Ba mafarki ba ne ke nan. Na gan ki da idona, na ji hawayenki, mutum goma suka taru a kaina da bakin azumi suka ce ban gani ba, ni kuma na yarda da su don kaina yana juyawa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na tasha. Ashe ba a ranar kuka tafi ba. Motoci sun yi kaɗan, kuka yi kwanaki a kan kayanku kuna jiran layi. Ashe kin dawo asibiti, Mma ta tare ki a bakin ƙofa ta roƙe ki don Allah ki juya, wai yanzu na dawo hayyacina, in na gan ki zan gane. Lokacin da nake rubuta miki cewa ba ki da kirki, kina Kumasi, tafiyar tirotiro ɗaya tsakaninmu. Ke ma ina da magana da ke a nan. Yaushe kika fara jin maganar manya? Ke da kike tsallaka katanga da littafi a cikin zane, Mma ta ce ki juya sai kika juya?

Ina jin haushin kowa, Barkisu. Haushin Mma, ko da yake ina ganinta tana share ido in ta wuce bayan gidanku. Haushin matar Malam da ta zauna tana yi mini zancen albasa. Haushin baƙin roban nan da ya sace mini yini guda, kuma a duk kwanakin duniya ya zaɓi wannan. Da haushin masu dokar, da suka dubi yarinyar da aka yanke wa cibi a Asawase, wadda ta fi ni iya Tuwi, yaren Asante, wadda ba ta taɓa ganin Dosso ba sai a bakin Babanta, suka ce ta koma gida. Na faɗi haka a tsakar gida da ƙarfi, Babanmu ya ce in rage murya. Ni ce yau ake ce wa in rage murya.

Na karanta rabinki. Jirgin ya tsaya, ya sauko, sun yi aure. Na ji haushinsu su ma, na jefa shi ƙarƙashin gado, daga baya na ɗauko.

Malam Buraima direban motar goro ya ce yana bi ta Dosso, kuma ya san Babanki tun suna sayen goro tare, zai tambaya a kasuwa har ya same ku. Na ba shi rabina na littafin, don ke kin san ƙarshe amma ba ki san yadda suka haɗu ba, kuma wurin ya fi daɗi. Na haɗa masa da 'yan kunnen, na ce ki riƙe, har yanzu ki riƙe. Wasiƙun nan biyu ma na haɗa. Na so in yaga su, sai na ga ke aka rubuta wa, an riga an ɓoye miki su sau ɗaya, ba zan zama ta biyu ba. Ki karanta ki zage ni, amma a rubuce, ki ba Malam Buraima ya dawo da shi.

Kitson yana nan. Ya tsufa, ya yi gashi, Mma ta ce ƙwarƙwata za ta shiga, na ce ta shigo. Goggo ta zaunar da ni za ta ƙarasa ɗaya gefen, ta juya kaina dama ta juya hagu, ta ce ita ba ta gane inda layukan suka nufa ba, ba shuku ba ne, ba kuma irin na bara ba, wannan sai mai shi. Na ɗaura ɗankwalina na tashi. Don haka in kin rubuto, kafin zagin, ki fara gaya mini wane kitso kika fara a kaina.

Ki gaida Inna, ki ce mata turminta yana nan, ina ganinsa kullum. Ki gaida Baba da yara. Mma ta ce in gaishe ki, na ce zan rubuta amma ban yi alkawarin za ki amsa ba.

Ƙawarki har abada,
Alima