Jan zare a moɗarka

Abban Asiya,

Na fita kana barci, na bi motar Gusau a yi mini gwajin hanta ni ma.

Ka yafe mini abin jiya. Da na ɗaura wa moɗarka jan zare na raba ta da randa, na ga kallon da ka yi mini, ka ture tuwon. Wallahi tsoro ne, ba ƙyama ba. Anti Hasana ta asibiti ta ce irin ciwonka ba ya bin ruwa ko abinci, reza da buroshi ne abin keɓewa.

Kunu na nan a rufe, don Allah ka sha. Ko me gwajin ya nuna, kada ka ci na rana sai na dawo mu ci tare.

Taka,
Zulai