Waƙar Jiniyar Challawa

Panshekara, Kano.
Mayu, 2003.

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin naki?

Yaya, an rufe masaƙarmu ta Challawa. Mun je aikin safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Zanen atamfar da nake yi ya ƙare ke nan. Baffa ya samo mini gadi a kamfanin fata, na ba shi haƙuri, na ce waƙa nake son rubutawa. Tun ranar da ƙyar yake amsa gaisuwata, kuma abin yana cina.

Na rubuta wata a kan jiniyar masaƙa da ta daina tashinmu da asuba. Kin san muryata ba ta da daɗi, don haka Bitrus, abokin aikina mai rera waƙa a cocinsu, shi zai rera. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Tijjani.

Panshekara, Kano.
Yuli, 2005.

Yaya Rakiya,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da damina.

Alhamdu lillahi! Kaset ɗin da kika ce kin ji a tashar motar Zariya namu ne. Ni na zana bangonsa, ni na ɗauki bidiyon waƙar a ƙofar masaƙa, tsofaffin ma'aikata cike da titi suna amshi, wasu da hawaye. Yanzu masu shirya fim har gida suke biyo ni neman waƙa. Na buɗe situdiyo a Sharaɗa, abokan aikinmu da dama sun samu abin yi.

Amma babban labarin shi ne Baffa. Ranar Juma'a ya aiko a kira ni, na tafi. Na same shi da rediyo a cinya. Ya ce, "Waƙar taka da saura. Kafin a gina masaƙar nan gonakinmu ne a wurin, ba ka faɗa ba. Ɗauko biro."

Yanzu kullum bayan la'asar muna kan tabarma, yana lissafo gonaki da masu su, ina ɗora su a kan kari. Jiya har ya gyara mini baiti, kuma nasa ya fi nawa.

Ki gaishe da yara.

Ƙaninki,
Tijjani.