Haddar Sikelin Kawu

Ƙofar Galadima,
Birnin Zazzau.

Zuwa ga Yayana Zaharaddini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga wansa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarmu Radiya da yara. Allah ya kare ku daga ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa katanga tana leƙen awakin maƙwabta. Barira ta yaye ɗanta, yaron ya yi fushi da kowa sai ni. Zakiyya kuma ta fara koyon ɗinki, ta ɗinka mini riga mai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na sa ta na je Juma'a don kada ta karaya.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar shagon Kawu Bahago. Ka san tun ina sauke allo Inna ta miƙa ni wurinsa, kuma duk sikelin lantarkin da ya lalace daga kasuwar birni har Sabon Gari, hannuna ne ke buɗe shi, ni ke liƙa dalma, ni ke zama a bencin da ke damansa. To, ɗansa Muntasir, taubashin nan nawa da nake kayarwa a kokawa a gindin Kufena, ya gama karatun lantarki ya dawo da kwamfuta a hammata da tabarau a hanci. Ka san dai karin maganar: in mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Ba wanda ya ce in naɗe, amma tun da ya dawo shayin Kawu ba ya biyowa ta wurina sai ya huce.

Bari in faɗa maka abin da yake yi da ake ta yi masa kirari. A cikin sikeli akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu, bai kai ƙwayar wake ba, muna ce masa aisi. Shi ne ke jin nauyin da ya danne ƙarfe ya mayar da shi lamba. A cikinsa akwai 'yan ɗakuna da Muntasir ke kira rajista, nan ake ajiye masa umarni: sau nawa zai ninka abin da ya ji, da saurin da zai riƙa awo. Ana yi masa magana ta wasu siraran wayoyi, maganar tana shiga ɗaya bayan ɗaya kamar mutane a lungun gidan Malam Audu, inda ba a jerawa biyu. Mu dā in an aika masa umarni shi ke nan, a rufe murfi a yi bismilla. Shi kuwa gwanin naku sai ya sake aika masa tambaya, abin ya maido masa da duk abin da ke cikin ɗakunan ta wata wayar, ya gwada da wanda ya rubuta. In bai yi daidai ba, ba ya rufewa.

Ranar da na fara ganin haka, don in ba shi haushi na ce ashe mun samu gardi, ba a wanke allo sai an ba shi hadda. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Washegari sai na ji shi yana gaya wa masu kawo gyara cewa a shagonsa sikeli ba ya fita sai ya ba da hadda, wai hikimar Muntasir ce. Ka ji fa, Yaya. Har ba'ar da na yi masa an ƙwace an naɗa masa ita rawani. Yanzu 'yan kasuwa in sun zo ba sa tambayar Ƙasimu, sai su ce ina Malam mai hadda. Ni da na sha bulalar haddar gaske, shi da ko izu biyar ban tabbata ya riƙe ba.

To, ranar Alhamis Alhaji Yahaya mai sayen masara ya zo karɓar babban sikelinsa na buhu. Ka san al'adar Kawu, shi ke hawa kowane sikeli da kansa a gaban mai shi, kuma ka san ba ya son a yi maganar tumbinsa. Na daɗe ina satar kallon yatsun Muntasir, na gane ɗakin da ninkin yake. Da aka kira azahar ya bar kwamfutar a jone, sai na ja alwalata ta yi tsawo, na koma na ƙara lambar da mataki ɗaya. Nufina kawai Kawu ya hau, sikelin gwani ya ce nauyinsa ya ninka, ya kai na bijimi, a yi dariya, a gane tabarau ba wahayi ba ne. Na riga na shirya fuskar tausayin da zan yi masa.

Amma mutumin nan, ko da ya riga ya karɓi hadda kafin salla, da muka dawo sai ya sake karɓa. Ya duba lambobin, sannan ya ce abin da ya bari ba shi ya tarar ba. Ya ce da waya ce ta saki, da shirme zai gani ko kuma lamba iri ɗaya a ko'ina, amma wannan lamba ce mai tsabta a ɗakin da ya dace, hannun mutum ne. Bai ko dube ni ba. Kawu ne ya dube ni, irin kallon nan da ke sa mutum ya tuna ko ya yi alwala daidai. Ya ce a gaban Alhaji Yahaya, ana wasa da komai ban da ma'auni, da an rufe shi haka an kai kasuwa, haƙƙin mutane a wuyan wa? Ya ce in ajiye makullin shago in tafi gida. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, na ji wannan daga bakin Inna har bayan tuwon dare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Muntasir ne ya je ya roƙi Kawu. Wai wanda ya gano wannan ɗakin da ido kawai, ba tare da ya iya karanta Turancin takardar bayanin aisin ba, bai kamata a kore shi ba, a ba shi shi ya koya masa. Da zagina ya yi, wallahi da na ji daɗi, da na san abin da zan rama. Kawu ya yanke cewa ba zan koma bencina ba sai ranar da Muntasir ya shaida na iya aika umarni in karɓi amsa da hannuna. Wato taubashina ne alƙalina. Kullum bayan la'asar ina durƙushe a gabansa, yana yi mini bayani a hankali da murmushi, ba ya ko tsawa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na kai masa taki har gona, da jakina.

Da na fara wannan takarda niyyata in roƙe ka ka nemo mini wurin aiki a nan wajenku, ko gadi ne, in bar musu shagon. Har yanzu ina so ka sa kunne. Sai dai kada ka yi sauri, kuma kada ka kira Kawu ka ba shi haƙuri. In na tafi yanzu, har abada za a ce Muntasir ya iya abin da ya gagare ni, ni kuwa ba zan iya kwana da wannan ba ko a Fatakwal.

Ka gaida matarmu Radiya, ka ce ina nan ina jiran yajin da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan Hamisu da Ibtisam. Inna da Barira da Zakiyya suna gaishe ku, haka ma Gwaggo Mairo. Muntasir ya ga ina rubutu ya ce in sa gaisuwarsa. Na sa, amma ba dole ne ka amsa ba.

Naka ƙani, wanda aka zalunta da alheri,
Ƙasimu.