Fayil ɗin da zai wanke Kawu Hafizu

Da sunan Allah. Ni Usaini Bubayero, mai gyaran kwamfuta a bayan Kasuwar Oil Mill, Fatakwal, na rubuta wannan hankalina ɗaya, ƙodata ce kawai ta gaza. Ahmad, Ilham, Fatimatuzzahra, Ummanku za ta karanta muku yanzu, in kun girma ku karanta da kanku. Aji uku na yi a firamare, ku yi haƙuri da rubutuna.

Na ɗaya. Kayan aikina na Ahmad ne, in ya so sana'ar. In Ilham ce ta so, a ba ta, don na ga yadda take kallon hannuna in ina kwance inji. Babur ɗina na okada a bar wa Ummanku ta yi yadda ta ga dama.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Kun san yayana Bappa ba ya magana da kawunku Hafizu, ƙanin Ummanku. Ni na jawo.

Ɗakin sanyin da Bappa ke ajiye nama kwamfuta ce ke kula da shi, Hafizu kuma ke tsaronsa. Shekara biyu ke nan ta faɗi, wato ta mutu tana cikin aiki, ranar wata Asabar, naman shanu shida ya lalace. Irin wannan kwamfutar in za ta faɗi takan bar fayil, bayanin halin da take ciki a wannan lokacin. Lambobi ne zalla. Ba ka gane su sai da wani fayil na daban, muna ce masa simbol, shi ke ba kowace lamba suna. Ɗan manhajar da ke magana da injin sanyi, wato modul, kowane zubi nasa da simbol ɗinsa, kuma sai lambar shaidar simbol ta yi daidai da ta fayil. Ko da injiniya harafi ɗaya ya canza ya sake zubawa, tsohon simbol bai yi ba.

Na san wannan sarai. Amma Bappa na tsaye a kaina, mahauta sun cika ƙofa, wari ya hana kowa sakewa. Na ɗauki simbol ɗin da ke hannuna, na sabon zubi, ban duba lambar shaida ba. Ya nuna mini kamar an zare waya ne. Na faɗa a gaban mutane. Kowa ya juya ya kalli Hafizu, don an san shi da neman wurin cajin waya. Ya ajiye makulli ya tafi, har yau bai sake taka gidanmu ba.

Bayan sati uku na duba lambar, ba ta yi daidai ba. Na je na gaya wa Bappa. Ya ce, "Da bakinka ka ce an zare waya. Yanzu ka kawo mini abin da ya kashe ta, sai in yarda."

Na uku. Ga inda na nemi simbol ɗin tsohon zubi, kada ku ɓata ƙafa. Cikin kwamfutar babu, sabon zubi ya hau kai. Filash shuɗi da na ajiye tsofaffin simbol a ciki, Bappa ya gan shi a kan teburina, ya kai wa mai tura waƙa ya goge ya zuba masa wa'azi, wai ya buɗe bai ga hoto ko bidiyo ba, ya ɗauka fanko ne. Injiniyan da ya rubuta modul ɗin ya bar ƙasar, na tura masa saƙo ya fi ashirin, shiru. Laftof ɗinsa na bi ta har kasuwar Head Bridge, na tarar an goge komai a cikinta an sayar wa mai albasa.

Saura wuri ɗaya. Maigidana da ya koya mini aiki, Oga Chidubem, a Ogbete, Enugu. Ba ya zubar da tsohon rumbun kwamfuta, yana tara su a gwangwanayen madara, kuma shi ya fara haɗa injin nan, wataƙila tsohon simbol ɗin yana wurinsa. Na yi niyyar zuwa, wankin ƙoda ya riƙe ni.

Na huɗu. Fayil ɗin ranar Asabar yana cikin baƙin filash a akwatin Ummanku, lambar shaidar na rubuta a jikinsa. Kada a ba kowa aro. Kada a goge don an ga ba hoto. Wanda ya je Enugu ya gwada lambar da ta simbol ɗin da ya samu, harafi-harafi. In ɗaya ya saɓa, ya rufe bakinsa ya dawo.

Na biyar. Kada ku jira Enugu. Ranar sadakar uku a karanta wannan takarda Bappa yana zaune, Hafizu yana zaune. Ban san abin da ya kashe kwamfutar ba, kuma ranar da na yi magana ma ban sani ba. Yaya, in kana neman mai laifi, ga ni. Hafizu, ka yafe mini.

Yarana, abin da ba ku tabbatar ba kada ku faɗe shi a gaban jama'a, ko da ana tsaye a kanku. Allah ya yi muku albarka, ya raya ku, ya ba Ummanku haƙuri. Ranar Sallah ku je gidan Bappa, ku je gidan Kawu Hafizu, duka biyun, kowace shekara, har ranar da za ku same su a tabarma ɗaya.