Tagar Arewa da Na Nemo Miki a Montreal

Malmö, Litinin

Ylva, sanyin idona, furen da ke fasa ƙanƙara ya fito a watan Maris, ke da muryarki ke kwantar min da zuciya kamar teku in iska ta faɗi,

Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Ba ita ma aka sa ni rubutawa ba. Kamfaninmu na wasannin kwamfuta zai cika shekara ashirin, aka ce tunda ni ke kula da gine-gine, kuma kowa ya san rana ba ta wucewa ban rubuta ta a littafina ba, in tattara tarihin ofisoshinmu a manna a bango. Na baje littattafai goma sha tara a tebur. Ranaku da sunayen tituna na je nema, sai na yi ta cin karo da ke.

Ofis na farko, ɗaki biyu a saman gidan burodi a Lund, mutum tara, rigar kowa tana ƙanshin kirfa. Abin da na rubuta kawai: "Sabuwar mai zane ta zo. Ta ce kujerar da na ba ta ta girmi kakarta." Na biyu, tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a nan Malmö, inda sanyi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sai na Kraków. Sai na Seoul, da muka rufe bayan shekara uku. Ni na je na kwance sunanmu daga jikin ƙofa, amma a shafin ranar babu komai sai cewa kin aiko min hoton kare sanye da hula. Wane irin mai tarihi ne wannan?

Kin tuna ranar da muka bar ma'aikatar jiragen zuwa sabon ofishinmu a ginin gilashi? Lif, na'urar hawa bene, ya lalace, muka ɗauko teburin zanenki mu biyu daga hawa na huɗu. A hawa na biyu kika dire shi, kina haki, gashinki ya manne a goshi, kika ce, "Kai sarkin awo, babu bangon da ba ka auna ba a ginin nan. Sai yaushe za ka lura da wadda ke tsaye gabanka?" Ranar na rubuta: "Lif ya lalace. Tebur lafiya. Ylva." Shekara uku ke nan, kuma har yau ban sami abin ƙarawa ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Da aka ce ki je ki jagoranci masu zane a sabon ofishin Montreal, can ƙetaren teku, kin ce ba za ki je ba sai an samo ɗaki mai taga tana kallon arewa, don haskenta ba ya canzawa daga safe zuwa yamma. Da muka fito kika zungure ni kika ce, "Saki ranka, ba za su samu ba." Sai aka tura ni nema.

Gini goma sha ɗaya na duba cikin kwana biyar. Goma babu abin ɗauka. Na ƙarshen tsohuwar masaƙa ce, hawa na biyar, taga mita uku, arewa sak. Na tsaya da tef ɗin awo a hannu. Daga ni sai dillali, shi ma yana can yana waya. Da na rubuta cewa rufin yana yoyo, wa zai sani? Amma na rubuta gaskiya, na ɗauki hoto, har na zana inda tebur zai zauna. Me ya sa? Na tambayi kaina a shafi ya fi ashirin. Riƙon amana ne, ko tsoro? Wani lokaci ina ganin kawai na hango ki cikin hasken nan ne, na kasa hana ki shi. Wani lokacin kuma ina ganin ni mutum ne da bai iya komai ba sai cika takarda daidai.

Ba zan iya bin ki ba. 'Yata Saga shekararta tara, mako ɗaya wurina, mako ɗaya wurin mahaifiyarta, kuma ba a raba mako da teku a tsakani. Ba zan iya cewa ki zauna ba, don na ga fuskarki ranar da kika ga hoton. Ke kamar dinyoyin nan ne da ke ratsa samanmu in kaka ta yi: wa ya taɓa ɗaga kai ya roƙe su su dakata? Wayyo Ylva! Hannun da ke son riƙe ki shi ya buɗe miki ƙofa.

Ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe mota za ta zo. Kwalinki goma sha bakwai, ni na naɗe, ni na rubuta sunanki a kowanne, kuma ba za su fita ba sai na sa hannu. Zan sa.

Abin da ya rage min kaɗan ne, har ina jin kunyar kawo shi. Dokar kamfani ta ce a duba kowane gini sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kwana huɗu huɗu. Na lissafa ta kowace hanya, bai wuce kwana takwas ba. Da rana zan duba bututun ruwa da ƙofofin gudun gobara, sauran lokacin naki ne in kina so. Na san mace kamarki ta fi ƙarfin kwana takwas. Ban ce ki jira ni ba, ban ce ki rufe ƙofarki ga kowa ba. Ina tambaya ne kawai: in na zo a Afrilu, in hau hawa na biyar in ƙwanƙwasa, ko in gama aikina a ƙasa in koma masauki?

Ko me kika ce, zan bi. In ba ki ce komai ba, zan tsaya a ƙasa.

Naki, a kwana takwas ɗin da sauran ɗari uku da hamsin da bakwai, muddin ina numfashi,

Joakim