Motar da Za Ta Shiga Lungun Baba

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sauƙaƙa maka aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan duk kalau muke. Inna ta daina kukan gwiwa tun da aka canja mata magani, yanzu ta koma kukan ba ka kira. Maigidana yana nan yadda ka san shi, da surutunsa da son gyara abin da bai lalace ba. Baba kuma da sauƙi sosai, kuma maganarsa ce ta sa na zauna na rubuto maka, domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Ka san tun da ruwa ya cinye hanyar hawa unguwarmu, babu motar da ke kaiwa ƙofar gida sai jif ɗinka da ka ɗaga sama ka sa mata manyan tayoyi. Da can muna yi maka dariya, muna cewa sai da tsani ake hawanta, amma tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ita ce ƙafarsa, da ita nake kai shi gashin ƙashi asibiti. To watan jiya muna dawowa, a tsakiyar hawan nan, na ji ƙara daga gaba kamar an karya icce, motar ta tsaya cak. Na leƙa ƙasa na ga maiƙo yana ɗiga. Baba ya riƙe sandarsa kawai yana kallon gaba. Ni kuwa har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Dogo bakanike ya zo ya janye ta zuwa gareji. Ya ce shaf ɗin gaba ne, wato ƙarfen da ke juya taya, ya sake tsinkewa, kuma zai ci gaba da tsinkewa, domin ɗaga motar da ka yi ya sa shaf ɗin yana aiki a karkace, ga nauyin tayoyi. Ya ce ya gaji da canja abu ɗaya. Maganinta shi ne a cire kayan gaban gaba ɗaya a sa mata aksil guda, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke haɗa taya biyu, irin wanda ke bayanta. Ka tuna na kira ka, ka ce a yi, kuma a nemo mafi girma da ƙarfi da za a samu.

Abin da ban faɗa maka ba shi ne halin da muka shiga a makonnin da motar ke gareji. Tasi ba ta hawowa, a gindin tudu take tsayawa. Sai maigidana da maƙwabcinmu mai shago su ɗora Baba a kujerar roba su sauko da shi, mutane suna tsaye a ƙofofinsu suna yi masa sannu. Ka san Baba. Mutumin da ko jakarsa ba ya bari a riƙe masa. Sau biyu aka yi haka, a na uku ya juya fuska bango ya ce ba za shi ba, ba zai sake bari a ɗauke shi kamar buhu ba. Inna ta lallashe shi, na yi kuka, bai ko motsa ba. Ina gani da idona yatsun hannun da suka fara buɗewa suka soma komawa suna dunƙulewa. Wallahi Yaya, a lokacin har haushinka na ji, kai da motarka.

Ranar da za a zaɓi aksil na bi maigidana da Dogo wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Fili ne cike da ƙarafa, ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai, takalmina ma bai sake moruwa ba. Mai wurin ya nuna mana guda biyu. Ɗaya na wata babbar motar ɗaukar kaya ne, kauri kamar cinyar bijimi. Ɗayan na tsohuwar jif ce irin taka, siriri a kansa, duk tsatsa. Maigidana yana ganin babban ya rikice, yana shafa shi yana cewa ai wannan ko dutse aka hau ba zai ji ba, kuma shi ne abin da ka ce. Dogo ma ya yarda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Har an kawo sarƙa za a ɗaga shi, sai Inna ta kira ni a waya. Ta ce Baba ne ya sa ta tambaya, wai idan an gama gyaran, motar za ta zo har bakin ƙofa kamar da?

Saura kaɗan in ce mata e. Na tuna lungunmu, wurin da katangar maƙwabta ta yi ciki ga turken wuta a ɗaya gefen. Ko yanzu sai na naɗe madubai nake wucewa, taya tana goga katanga. Na tambayi Dogo ko babban aksil zai ƙara wa motar faɗi, ya ce sosai ma, tayoyin za su fito waje. Na ce a dakata. Maigidana ya ɗaure fuska ya ce zan sa mai kaya ya raina mu, na ce ya raina. Na koma gida na kwance igiyar shanyar Inna, na auna daga katanga zuwa turke na ƙulla, na dawo da ita. Da Dogo ya gwada ya ƙara kaurin tayoyi, babban ya zarce ƙullin da kusan taƙi ɗaya. Da mun saye shi, da motar ta hau tudu lafiya ta tsaya a bakin lungu, a sake fito da kujerar roba.

Siririn kuma ya zo da nasa sharuɗɗan. Dogo ya kwanta a ƙasa ya duba tulun da ke jikinsa, inda haƙoran giya suke, ya ce an yi sa'a yana gefen da farfelar motarka, sandar da ke kawo juyi daga inji, take fitowa, ba sai an yi dabara ba. Sannan ya yi alama da alli yana juya shi da hannu, ya ce juyinsa bai yi daidai da na bayan motarka ba, in aka haɗa su haka gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har giya ta fashe. Saboda haka sai da muka ɗauki na gaba da na baya duka daga tsohuwar jif ɗin. Na tambaye shi tsakani da Allah ko zai ɗauki nauyi da Baba a ciki. Ya ce da tayoyin da ke jiki yanzu ya isa har ya yi saura, amma in gaya maka kada ka dawo ka ce za ka ƙara musu girma. To na gaya maka.

Aikin ya ɗauki lokaci, an yi walda, an gyara sitiyari da birki, maigidana ya tare a garejin yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Shi ne dai ya sa mai walda ya ƙara matakala a gefen da Baba ke zama, wannan kam na yaba masa. Shekaranjiya da safe na tuƙo ta. Ta ɗan fi da jijjiga, amma ta hau tudu ba ko tari. Da na iso lungu na naɗe madubai, na riƙe numfashi, na bi a hankali, ta wuce tsakanin katanga da turke ba ta taɓa komai ba. Na tsaya a bakin ƙofa na danna hon, na kifa kaina a sitiyari. Ban san na gaji haka ba sai a lokacin.

Baba ya fito da sandarsa, ya riga ya sa hula tun kafin a ce masa komai. Maigidana ya miƙa hannu zai tallafe shi, Baba ya ture hannun da gwiwar hannunsa. Ya ɗora ƙafa mai lafiya a matakala, ya jawo ɗayar, ya daɗe yana fama, Inna ta toshe baki da mayafi. Ya zauna da kansa. Da ya huta, ya ce in rubuta maka cewa motarka har yanzu ta yi tsawo, amma ya hau.

Ka gaishe da Anti, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan Babangida da Ƙaramar Inna. Inna tana gaishe ka, ta ce igiyar shanyarta ta yi baƙin mai, kai za ka sayo mata wata. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta