Ɗakin da Hambali Ya Bari Wayam

Litinin, 11 ga Janairu, 1993
Ƙanena Hambali ya dawo daga Maraɗi, wai an koya wa masu ƙananan sana'a yadda za su tsara aiki. Ya ɗauki allin da muke zana yadi, ya yi ɗaki huɗu a bangon shago: ƙarfinmu, rauninmu, damar da ke tafe, da abin da zai iya kada mu. Na ce, "Kai tela ne ko magini?" Dariya kawai ya yi. A ɗakin dama ya rubuta zaɓe da ƙaramar salla, tunda bana a jere suke: ga tutocin jam'iyyu, ga kayan salla. A na haɗari ya sa ƴan gwanjo. Gaskiya abin da ma'ana, amma ban faɗa masa ba. Na rauni ya bar shi wayam. "Wanga kai za ka cika shi, Yaya, kai ne babba."

Alhamis, 14 ga Janairu
Rauni, wai! Tun Hambali yana rarrafe nake taka keken ɗinki a Gidan Rumji.

Asabar, 23 ga Janairu
Allurar yanzu ba ta da kirki, kafarta tsitit. Na yi ta fama da zare har gumi ya keto mini. Shagon ma duhu gare shi, dole a ƙara taga.

Laraba, 3 ga Fabrairu
Aiki ya yi yawa, alhamdu lillahi. Jam'iyyu kamar kaji, kowace da launinta. Kullum na zo da safe sai in tarar da zare a allurar kekena. Ban tambayi wanda ya sa ba.

Talata, 9 ga Fabrairu
Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Jibrilla, mai karɓar tutocin wata jam'iyya, ya shigo yana kumfar baki. Inda aka ce kore, shuɗi aka ɗinka, launin abokan hamayyarsu. Wai an saye mu, zai sa garin nan kaf a daina kawo mana ɗinki. Kafin in buɗe baki Hambali ya ce, "Ni na yi, Malam Jibrilla, ka yi haƙuri, gobe ka zo ka ɗauka." Ya tsaya ya sha zagi tas, gaban mutane, shi da ke da ƴaƴa manya.
Ni na ɗinka su. Wallahi kore na gani.

Laraba, 10 ga Fabrairu
Dija matata ta ce ba yau Hambali ya fara farke ɗinkina yana sakewa ba, tun kaka yake yi. "Kowa ya sani, Malam, kai kaɗai ake ɓoye ma." Na yi mata tsawa. Tuwon ma ban ci ba. Tsoro nake ji, in na sauka daga keken nan, me na zama?

Jumma'a, 26 ga Fabrairu
Azumi. Kayan salla sun taru. Da Hambali ya fita alwala na ɗauki allin, na zana ido a ɗakin raunin nan. Ƙarami na yi shi, can a lungu.

Asabar, 27 ga Fabrairu
Mun je mun yi zaɓe, mun dawo shago. Hambali ya zauna kan aikinsa. Sai na hangi sabon rubutu a ɗakin ƙarfi, manya-manyan baƙaƙe, kamar na allon lakol, makarantar boko. Sai da na matsa kusa: HANNUN YAYA A YANKA. Shegen yaro. Haka ne dai, in na shafa yadi na dubi kafaɗar mutum, almakashi ba ya yi mini gardama.

Litinin, 8 ga Maris
Teburin yanka ya koma bakin ƙofa, wajen haske. Jibrilla ya kawo shaddarsa ta salla, ya ce ni yake so in yanka. Hambali na kan kekena, na ɗan lokaci ne, kafin salla ta wuce. Yana taka shi da garaje, na faɗa masa ya riƙa sa mai. Kujerar kuwa ta yi masa tsawo, yau na sa kafinta ya rage mata ƙafa.